Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ƙwadago na Nijeriya: Ina 'Yan Ci-rani a Bikin 1 ga Mayu?

Zuwa ga shugabannin NLC da TUC, na ƙasa da na jihohi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku sannu da ɗawainiyar jama'a.

Ni malamin makaranta ne, tarihi nake koyarwa, kuma duk wata ana cire mini kuɗin ƙungiya kafin albashi ya iso hannuna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna. Da jiniyar masaƙa muke sanin lokaci a gidanmu. Ya rasu yana jiran kuɗin sallamarsa. Na faɗi haka ne don ku san cewa mai wannan takarda ɗan gida ne, kuma ciwon gida ne ya sa shi rubutu.

A bikin Ranar Ma'aikata da ya wuce na je filin taro da ankona da hulata kamar kowa. Muka yi maci, muka wuce ta gaban manyan baƙi, aka karanta jawabai. Da rana ta take na fito neman ruwa. A tsallaken titi ana wani gini mai hawa uku, samari na hawa da sauka da kwanon kankare a ka, wasu ko takalmi babu. Na tsaya na tambayi ɗaya daga cikinsu, wanda daga jin Hausarsa na gane daga wajen Maraɗi ya fito, na ce, "Samari, yau ba hutu?" Ya sauke kwanon ya share gumi ya ce, "Malam, ai hutun na masu albashi ne. Mu in ba mu fito ba, ba mu ci ba." Ya ɗauki kwanonsa ya haye.

Maganar yaron nan ta hana ni sukuni, saboda na san inda wannan rana ta samo asali. Irinsa ne suka samo ta, kuma da jininsu.

Ku yi mini haƙuri in kai ku Amurka, birnin Chicago. A 1850 mutanen garin ba su wuce dubu 30 ba. Kafin 1890 sun haura miliyan 1. Layin dogo ne ya haɗu a wurin daga kowace kusurwa, sai mahautan da ake yanka dabbobi dubbai a yini guda, sai kasuwar katako da hatsi, sai masana'antun injinan noma. Duk waɗannan hannu suke nema, hannun kuwa ta teku yake zuwa: Jamusawa, mutanen Ireland, na Bohemiya, na Poland, na Sweden. Cikin kowane mutum 10 da ke garin, kusan 4 a wata ƙasa aka haife su. 'Yan ci-rani ne, sai dai nasu ci-ranin yawanci babu komowa. Awa 10 zuwa 12 suke yi a rana, kwana 6 a mako. In inji ya cinye wa mutum hannu, a sallame shi a ɗauko wani daga layin da ke bakin ƙofa.

A wannan zamanin ne dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru yadda ba a taɓa gani ba. Kamfanin Standard Oil na John D. Rockefeller ya kai yana tace kusan kashi 90 cikin 100 na man ƙasar. Andrew Carnegie, wanda shi ma yaro ne baƙo da iyayensa suka kawo daga Scotland a 1848, ya mamaye harkar ƙarfe har ya sayar da kamfaninsa a 1901 kan dala miliyan 480. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A 1884 wata haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago ta zauna ta yanke cewa daga 1 ga Mayu 1886, awa 8 ce ranar aiki, ko masu kamfani sun so ko sun ƙi. Takensu shi ne awa 8 na aiki, 8 na hutawa, 8 na abin da mutum ya ga dama. Ranar na zuwa, ma'aikata sama da dubu 300 suka ajiye aiki a faɗin ƙasar, Chicago ce kan gaba. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu yajin aiki a ƙofar masana'antar McCormick, suka kashe aƙalla mutum 2. Aka kira taro washegari da dare a wani dandali da ake kira Haymarket. Takardar gayyatar da harshe biyu aka buga ta, Turanci da Jamusanci, don da yawa daga cikin waɗanda ake kira ba su jin Turanci. Magajin garin, Carter Harrison, ya zo da kansa ya saurari jawaban, ya ga babu tashin hankali, ya tafi gida. Hadari ya taso, jama'a suka fara watsewa. Sai ga 'yan sanda kusan 180 sun zo suna umartar a tashi. Wani ya jefa bam a cikinsu. Harbi ya ɓarke cikin duhu. 'Yan sanda 7 suka mutu, da aƙalla mutum 4 daga cikin jama'a.

Har yau ba a tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba. Amma an kama mutum 8 aka gurfanar da su. Biyar a Jamus aka haife su: August Spies, editan wata jaridar ma'aikata ta Jamusanci, da Adolph Fischer mai jera haruffa a maɗaba'a, da George Engel, da Michael Schwab, da wani matashin kafinta Louis Lingg. Samuel Fielden daga Ingila ya zo, dakon duwatsu yake yi da keken doki. Oscar Neebe ɗan Jamusawa ne da aka haifa a New York. Albert Parsons kaɗai ne za a kira ɗan ƙasa gaba da baya, shi kuwa ya riga ya tsere, amma ya dawo da ƙafarsa ya shiga kotu ya zauna kusa da abokansa. Ba zan ɓoye muku ba, mutanen nan masu zafin ra'ayi ne, aƙidarsu ita ce a rushe gwamnati ɗungurungum, kuma Lingg yana haɗa bama-bamai. Ban yarda da wannan hanya ba, kuma ran ɗan sanda rai ne. Sai dai masu gabatar da ƙara ba su nuna cewa ko ɗaya daga cikinsu ne ya yi jifan ba. Wasunsu ma ba su wurin lokacin da abin ya faru. Jaridun manyan gari suka yi ta kururuwa cewa baƙi ne suka shigo da fitina daga Turai, kuma wannan kururuwa ta yi aiki a kotu fiye da shaida. Ranar 11 ga Nuwamba 1887 aka rataye Spies da Parsons da Fischer da Engel. Lingg ya kashe kansa a kurkuku ana gobe za a rataye shi. A 1893 gwamnan jihar Illinois, John Peter Altgeld, shi ma haifaffen Jamus, ya karanta takardun shari'ar ya ce an yi zalunci, ya saki ukun da suka rage. Wannan hukunci na cikin abubuwan da suka jawo masa faɗuwa zaɓe.

A 1889 wakilan ma'aikata na ƙasashe da dama suka taru a Paris suka tsayar da 1 ga Mayu ta zama ranar fitowar ma'aikatan duniya. Daga nan ta yi ta yawo har ta iso gare mu. Gwamnatin PRP ta Kano ƙarƙashin marigayi Abubakar Rimi ce ta fara ba da hutunta a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, shekarar da NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin da ya haifar da mafi ƙarancin albashi na naira 125. To, ranar da muke yi wa anko, ranar baƙi ce, ranar mutanen da aka rataye ana kiran su bare.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Akwai ɗaya fuskar, kuma ita ce ta fi shafar ku.

Ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka na wancan lokaci su ma sun tsani baƙo, in dai baƙon ya zo bayansu ne. Sinawa sama da dubu 10 ne suka fasa duwatsu suka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya ratsa ƙasar, wanda aka kammala a 1869. Da aiki ya ƙare, tattalin arziki ya tsuke, sai aka ce su ne ke karya farashin ƙwadago. A 1882 majalisa ta yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, da goyon bayan 'yan ƙwadago, kuma sai 1943 aka soke ta. Ƙungiyar Knights of Labor, wadda mambobinta suka kai dubu 700 a 1886, ta karɓi mata, ta karɓi baƙaƙen fata, ta karɓi marasa sana'ar hannu, amma ta rufe wa Basine ƙofa. A watan Satumban 1885, a garin Rock Springs na Wyoming, Turawa masu haƙar kwal suka far wa abokan aikinsu Sinawa, suka kashe 28, suka ƙone musu unguwa. Kamfanin haƙar kwal ɗin ne ke biyan Sinawan ƙasa da sauran, shi ne ya kawo su tun farko don karya yajin aiki. Aka bar jaki aka daki taiki. Bayan an kwashe gawarwaki, sojoji suka rako Sinawan da suka tsira suka mai da su ramin kwal, kamfanin ya ci gaba da harkarsa.

Sai haɗakar ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka ta AFL da aka kafa a ƙarshen 1886. Shugabanta Samuel Gompers a Landan aka haife shi, yana yaro ya shigo Amurka yana naɗa sigari. Duk da haka ya kwashe shekaru yana neman a taƙaita shigowar baƙi, ya kuma gina haɗakar a kan ƙwararru masu sana'ar hannu. Leburan da ke jan baro ko zuba kwal a tanderu, wanda ya sauko jirgi jiya daga Italiya ko Hungary, ba a ganin sa a matsayin wanda za a iya haɗa kansa da kowa. Tsakanin 1880 da 1920 mutum sama da miliyan 20 suka shiga ƙasar, yawancinsu irin waɗannan. Masu kamfani sun fahimci abin da shugabannin ƙwadago suka kasa fahimta. Sukan cakuɗa masu harsuna daban-daban a sashe ɗaya don kada su iya hira, su kuma bambanta musu lada don kada su yarda da juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Homestead, kusa da Pittsburgh, masana'antar ƙarfen Carnegie na da ma'aikata 3,800 a 1892, amma kusan 800 ne kacal ke cikin ƙungiya. Manajan, Henry Clay Frick, ya rufe ƙofa ya yi hayar 'yan bindigar kamfanin tsaro na Pinkerton su 300, aka kawo su ta kogi cikin dare. Aka yini ana musayar wuta, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare. Leburorin da ba su da katin ƙungiya sun tsaya tare da masu kati har ƙarshe. Gwamna ya turo dakaru dubu 8, yajin ya karye a watan Nuwamba, kuma ƙungiya ba ta sake miƙewa a masana'antar ƙarfe ba sai bayan shekara 45. Da aka sake gwadawa a 1919, ma'aikata dubu 350 suka fita, sai kamfanoni suka ce wa haifaffun ƙasa wannan yajin baƙi ne, suka kuma ɗauko dubban baƙaƙen fata da 'yan Mexico suka cike gurbi. Ta yaya za a zargi baƙar fatar da ya karɓi aikin, alhali ƙungiyoyi da yawa sun daɗe suna hana shi kati?

Akwai labarin da nake karanta wa ɗalibaina kowace shekara, kuma ban taɓa gama shi muryata daidai ba. Ranar Asabar 25 ga Maris 1911, gab da tashi daga aiki, wuta ta kama a kamfanin ɗinkin rigunan mata na Triangle, a hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani bene a New York. Yawancin ma'aikatan 'yan mata ne, Yahudawa daga Rasha da 'yan Italiya, wasu shekararsu 14. An kulle wata ƙofar fita don kada wata ta saci ƙyalle ko ta fita shan iska. Tsanin 'yan kwana-kwana bai wuce hawa na 6 ba. Jama'a na tsaye a titi suna kallo 'yan mata na faɗowa ta taga. Mutum 146 suka mutu cikin ƙasa da rabin awa. Kotu ta wanke masu kamfanin, daga baya aka biya dala 75 kan kowane rai. Shekara ɗaya da 'yan watanni kafin gobarar, waɗannan 'yan matan na cikin dubu 20 da suka yi yajin aiki bayan wata yarinya mai ɗinki, Clara Lemlich, ta miƙe a taro ta yi magana da harshen Yidish ta ce surutu ya isa haka. Kamfanoni da yawa sun amince da ƙungiya a lokacin. Triangle ya ƙi.

Kada a ce wannan tatsuniyar Turawa ce. A watan Satumban 2002 wuta ta tashi cikin dare a wata masana'antar robobi a Ikorodu ta jihar Legas, gomman ma'aikata suka ƙone, waɗanda suka tsira suka ce an kulle su ne ta waje. Wa ya san ƙofofi nawa ake garƙamewa a daren yau a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai na Kano, a kan yaran da ɗan kwangila ya kawo, waɗanda sunansu ba ya cikin littafin kowa?

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a tarurrukanmu. Za a ce ɗan ci-rani ba ya haɗuwa. Yau yana nan, damina na faɗuwa ya tafi gona. Ba shi da albashin da za a cire kuɗin ƙungiya a ciki. Wani ba ya jin Turanci, wani ma ba ɗan ƙasa ba ne. Wannan magana sak ita aka faɗa a kan mutanen Lawrence.

Lawrence garin masaƙu ne a jihar Massachusetts, kamar yadda Kakuri take a zamanin mahaifina. Ma'aikatansa sun fito daga ƙasashe sama da 40, rabinsu mata da yara. A farkon 1912 doka ta rage wa mata da yara awannin mako daga 56 zuwa 54, masu masaƙa kuwa suka zaftare ladan awa biyun nan, kusan kuɗin burodi uku ko huɗu. Ranar 11 ga Janairu wasu mata 'yan Poland suka buɗe ambulan ɗin albashi suka ga ya ragu, suka kashe injinansu suka fita. Cikin mako guda mutum sama da dubu 20 sun bi su, cikin tsananin sanyin da ruwa ke daskarewa. Ƙungiyar masaƙa ta AFL ta juya musu baya, shugabanta ma ya yi ƙoƙarin karya yajin. Wata ƙungiya mai suna IWW ce ta turo Joseph Ettor, ɗan baƙi 'yan Italiya mai jin harsuna da yawa. Abin da aka yi ba wani siddabaru ba ne. Aka kafa kwamiti, kowace ƙabila ta kawo wakilanta. Duk jawabin da aka yi sai an fassara shi, har harsuna 25. Aka buɗe wuraren dafa abinci. Da yunwa ta tsananta aka riƙa tura yara New York da wasu garuruwa wajen iyalan da suka yarda su riƙe su. Aka harbe wata 'yar Italiya, Anna LoPizzo, aka soke wani saurayi ɗan Siriya da banati, aka kulle Ettor, yajin bai karye ba. Ranar 24 ga Fabrairu 'yan sanda suka lakaɗa wa iyaye mata duka a tashar jirgin ƙasa a gaban 'ya'yansu, labari ya game ƙasa, majalisar tarayya ta kira zaman bincike. Cikin watan Maris masu masaƙa suka sauko, aka yi ƙarin albashi, kuma mafi ƙasƙancin ma'aikata ne suka samu kaso mafi tsoka.

Amma ku ji yadda ta ƙare, don a nan ne maganata take. IWW ba ta yarda da sa hannu a yarjejeniya ba, ba ta da asusu mai ƙarfi, ba ta da ofis mai ɗorewa. Kafin shekara biyu an kori jagororin ɗaya bayan ɗaya, reshen ya watse. Wato masu ofis da kuɗi da lauyoyi sun ƙi baƙi, masu son baƙi kuma ba su da ofis da kuɗi. Sai a shekarun 1930, lokacin da John L. Lewis da abokansa suka kafa sabuwar haɗakar ƙwadago ta CIO suka ce duk wanda ke cikin masana'anta a ba shi kati, ko mai shara ne, ko daga ina ya fito, sannan kamfanin U.S. Steel ya zauna da ƙungiya a 1937. Dokar da ta kai ga makon awa 40 a 1938 aka yi ta, shekara 52 bayan Haymarket. Ko ita ma ta tsame ma'aikatan gona da 'yan aikin gida.

Ku kuna da abin da mutanen Lawrence suka rasa. Kuna da ofis a kowace jiha, da lauyoyi, da kujera a teburin da ake yanke albashi. In kuka ce a tsaya, ƙasa na tsayawa. Abin da ba ku da shi shi ne yaron nan mai kwanon kankare, shi da ire-irensa kuwa su ne mafi yawa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su cikin tsarin albashi na hukuma. Kun yi gwagwarmaya a 2024 aka kai mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, Allah ya saka muku. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba, ba ta shafi aikin gona na lokaci-lokaci ba. Maigadi, da ɗan garuwa, da ɗan dako a kasuwa, da yarinyar da ke wanke-wanke a gidan wani, da leburan gini, duk suna waje. Ina roƙon ku ku sa cire waɗannan togaciya a sahun gaba a zama na gaba, ku riƙe ta da ƙarfin da kuke riƙe maganar kuɗin mai.

Kuma mu, Hausawa musamman, bai kamata a koya mana zafin korar baƙo ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen zango da aka haifi kakanninsu a Kumasi suka kwaso 'yan komatsai suka nufo ƙasar da ba su sani ba. A Janairun 1983, da kuɗin mai ya ja baya, mu ma muka yi haka: mako biyu, mutum kusan miliyan 2, rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar da Chadi da Togo da sauran maƙwabta. Ina yaro a lokacin, na ga an wayi gari ɗakunan maƙwabtanmu a buɗe babu kowa. Albashin mahaifina bai ƙaru da ko kwabo ba. Masana'antu suka ci gaba da rage ma'aikata a shekarun da suka biyo baya, har ta kai Kakuri ta zama kufai. Ba baƙi ne suka kashe masaƙunmu ba. Rashin wuta da fasa-ƙwaurin yadi da tsadar kayan gyara da sakacin manufofi ne suka kashe su.

Yau kuma ɗan Arewa shi ne baƙon a garuruwa da yawa na ƙasarsa. Kowace shekara muna ganin hotunan samari da aka sauko da su daga bayan tirela aka zaunar da su a ƙasa ana ɗaukar su hoto kamar ɓarayi, alhali neman aikin ƙarfi ya fito da su. Ba na cewa kada a yi bincike, tsaro hakkin kowa ne. Cewa nake mai tafiya neman aiki ma'aikaci ne tun kafin ya samu aikin, kuma in an wulaƙanta shi ya kamata muryar farko da za a ji ta zama taku. Haka kuma ɗan Nijar ko ɗan Chadi da ke gadi ko haƙar rijiya a Kano da Sakkwato. In mai gini ya cinye masa ladan wata uku don ya san ba shi da inda zai kai ƙara, ladan ɗan ƙasa ma ya karye ke nan, domin gobe shi za a sake ɗauka.

Ba sabon abu nake nema ba. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙa mai hedikwata a Kaduna, wadda Kwamared Adams Oshiomhole ya fito daga cikinta, da ta ga masaƙu na rufewa ta buɗe ƙofa ga teloli da masu rini masu zaman kansu. Akwai FIWON da ke ƙoƙarin tattaro masu ƙananan sana'o'i. Waɗannan mutane ma ba a warwatse suke ba kamar yadda ake zato: 'yan dako na da sarkinsu, magina na da shugabansu, kowane zango na da mai unguwarsa. Ku je ku same su inda suke. A yi musu katin da za su iya biya kaɗan-kaɗan a mako, wanda ba zai mutu ba don mutum ya tafi noma wata huɗu. A ware mutum ɗaya a kowane ofishin jiha wanda aikinsa kawai shi ne sauraron wanda aka cinye wa lada ko inji ya raunata, ba tare da an tambaye shi takardar ɗaukar aiki ko asalin jiharsa ba. Sanarwarku ta daina fita da Turanci kaɗai. A ji ta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Zabarmanci, kamar yadda aka buga takardar Haymarket da harshen waɗanda ake kira. Ku kuma matsa wa ma'aikatar ƙwadago lamba ta tura masu duba masana'antu cikin dare, ba tare da sanarwa ba, ku bi su a baya, a taɓa kowace ƙofa a ga ko tana buɗewa.

Na koma wajen ginin nan bayan sati biyu ina neman yaron. An riga an zuba kankaren hawa na ƙarshe, an sallami masu kwano, babu wanda ya san sunansa ko inda ya nufa. Ina roƙon ku, kafin 1 ga Mayu mai zuwa, kowace majalisar jiha ta aika wa shugabannin leburorin gini da 'yan dako da masu gadi takardar gayyata, a ba su layinsu a filin maci, a ba ɗaya daga cikinsu lasifika ya yi magana da harshensa kafin gwamna ya tashi. Ladan yinin da za su rasa kuma a biya su daga kuɗin da ake cire mana. Ni dai na yarda a fara da nawa.

Allah ya yi muku jagora, ya jiƙan magabatanmu.

Naku,
Wani malamin tarihi, ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa,
Kakuri, Kaduna.